Hattara da Cin Bashi Don Digirin Turanci

Iyaye da ɗalibai, a tsaya a yi lissafi kafin a sa hannu. Bashin karatu ya shigo Najeriya, kuma waɗanda zai fi yi wa nauyi su ne masu karanta fannonin da albashinsu bai taka kara ya karya ba, irin su Turanci da adabinsa. Ƙasashen da suka riga mu bin wannan hanya har yau suna ɗanɗana kuɗarsu. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

A Amurka, gwamnatin tarayya kaɗai tana bin mutum sama da miliyan 40 bashin karatu da ya haura dala tiriliyan 1.6. Kuɗin makarantar da mai karanta Turanci ke biya bai yi nisa da na mai karanta injiniyanci ba, amma ranar karɓar albashin farko sai a ga tazara mai faɗi a tsakaninsu. Alƙaluman reshen New York na babban bankin ƙasar sun nuna cewa fiye da kashi 40 cikin 100 na sababbin masu digirin Turanci suna aikin da ko digiri ba ya buƙata. Ga ruwan bashi yana hawa, ga albashi yana tafiyar hawainiya. Kuma bashin ba ya sakin mutum da sauƙi: tun daga 1976 majalisar ƙasar ta fara toshe hanyar yafe shi ga wanda ya karye, ta ƙara matse shi a 1998, sannan a 2005 ta haɗa har da bashin bankuna masu zaman kansu. Da Shugaba Joe Biden ya yi yunƙurin yafe wani ɓangare, Kotun Ƙoli ta rushe shirin a watan Yunin 2023.

Labarin Ingila ya fi kusa da namu, domin a hankali abin ya faro. A 1998 kuɗin jami'a fam 1,000 ne a shekara. A 2006 ya koma 3,000, a 2012 ya yi tsalle zuwa 9,000. Duk lokacin da aka ƙara, amsar da ake bai wa talaka ita ce ai akwai bashi. Ɗaliban da suka shiga daga 2023 za a riƙa cire musu kashi 9 cikin 100 na duk abin da ya haura fam 25,000 a samunsu na shekara, har tsawon shekara 40. Da matasa suka fara auna kowane fanni da ma'aunin bashi, sai suka riƙa gudun adabi. A 2022 Jami'ar Sheffield Hallam ta sanar da dakatar da digirinta na adabin Turanci. A mahaifar harshen ke nan.

Mu dawo gida. A watan Afrilun 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar bashin ɗalibai, asusun NELFUND ya fara aiki. Gaskiya ɗaya ce, sharuɗɗansa masu sauƙi ne: babu ruwa, ba a fara biya sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa, kuma kashi 10 cikin 100 na albashi ake cirewa. Ya ceci yara da dama da suka kusa ajiye karatu bayan ƙarin kuɗin rajista da jami'o'i da yawa suka yi a 2023. Duk da haka, a ɗauki alƙalami. Ɗalibin da ya karɓi naira 20,000 ta ɗawainiya kowane wata har shekara 4 ya tara bashin naira 960,000, ban da kuɗin rajista. In ya sami aikin naira 70,000, wato mafi ƙarancin albashi, ana cire masa 7,000 a wata, zai haura shekara 11 yana biyan na ɗawainiyar kaɗai. Da yawa daga cikin masu digirin Turanci a wurinmu koyarwa suke komawa, kuma kowa ya san makarantun kuɗi da yawa ba sa biyan ko wannan 70,000 ɗin. Shekarun da ya kamata matashi ya yi aure, ya kama haya, ya ɗauki nauyin tsofaffinsa, su ne za a riƙa yankar albashinsa.

Wanda ya fi wannan haɗari shi ne bashin ruwa da bashin kuɗin waje. Akwai masu jinginar da gona ko gida, akwai masu karɓa daga manhajojin bashi na waya, akwai masu cin bashin dala don yin digiri na biyu a ƙetare. Kafin Yunin 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati; zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. A Mayun 2024 aka dakatar da wasu ɗaliban Najeriya daga karatu a Jami'ar Teesside ta Ingila, saboda kuɗin da suka tanada ya narke a hannunsu. Wanda ya ci bashin dala alhali naira zai riƙa karɓa, ya sa wuyansa a igiyar da ba shi ke riƙe da bakinta ba.

Kada wani ya ɗauka ana hana karanta Turanci ne. Arewa tana matuƙar buƙatar ƙwararrun malaman Turanci, domin duk yaron da bai ci shi a WAEC ko NECO ba, ƙofar jami'a a rufe take gare shi. Muna buƙatar 'yan jarida, masu fassara da masu tace rubutu. Abin da ake gudu shi ne a ɗora wa ilimi mai daraja bashin da albashinsa ba zai iya ɗauka ba.

Don haka, ɗalibi, kafin ka cika takardar bashi, nemi mutum uku da suka gama wannan sashen shekara biyar da suka wuce, ka tambaye su aikin da suke yi da abin da suke samu. In dole ne ka ci bashin gwamnati, tsaya a kan kuɗin rajista, ka bar na ɗawainiya in da hali. Tun kana aji biyu ka haɗa digirin da abin da ake biya a kansa: fassara tsakanin Hausa da Turanci, aikin rediyo, tace littattafai, ko shaidar koyarwa da rajista da hukumar malamai ta TRCN. Digiri na biyu a waje kuwa, a neme shi ta tallafin karatu irin Chevening da Commonwealth.

Ku kuma iyaye, don Allah kada a sayar da gona ko a karɓi kuɗin ruwa saboda a ce ɗan wane yana karatu a Turai. Shugabannin jami'o'i da 'yan majalisa, alhakin yaran nan yana wuyanku: kada samuwar bashi ta zama hujjar ƙara kuɗin makaranta, kuma kowane sashe ya riƙa bayyana wa masu neman shiga inda ɗalibansa na baya suka sami aiki. Yanzu ne lokacin gyara, tun bashin yana ƙarami kuma ba a fara cire wa yawancin yaranmu ko sisi ba.