Masu ɗaukar hoton gadar Xiaobei da kayan aikinsu

A unguwar Xiaobei ta birnin Guangzhou, a kudancin ƙasar Sin, akwai wata gada ta masu tafiya a ƙasa da ta ratsa saman babban titi, kusa da dogon benen nan na Tianxiu inda 'yan kasuwar Afirka suka daɗe suna sarin kaya. Fatake daga Nijeriya, da Mali, da Gini, da sauran ƙasashe sun sha bi ta kanta. A kan wannan gada ce wani mutumin ƙasar Sin mai suna Wu Yongfu, daga bisani kuma wani mai suna Zeng Xianfang, suka riƙa neman abinci ta hanyar ɗaukar waɗannan baƙi hoto.

Kayan aikinsu ba su taka kara sun karya ba: ƙaramar kyamara mai araha wadda ba ta amfani da fim, da 'yar na'urar buga hoto da ake iya ɗauka a hannu. Ɗan kasuwa zai tsaya cikin babbar riga ko kwat, dogayen benaye na bayansa, a ɗauke shi, a miƙa masa hotonsa kafin ya sauka daga gadar. Da shi zai koma gida ya nuna wa iyali da abokan ciniki, tun da gani ya kori ji.

Wanda ya san kyamarori zai iya raina waɗannan kaya, amma zaɓin yana da dalili. Baƙon da jirginsa zai tashi gobe ba zai jira a kai hoto wanki ba, saboda haka na'urar bugawa ta fi babbar kyamara amfani a wurin. Wanda zai wuni a tsaye ba ya son kaya masu nauyi. Kuma mai sana'a a bakin titi, inda jami'an tsabtace gari kan iya tashinsa, yana bukatar abin da zai tattara cikin jaka ɗaya nan take, wanda ko ya salwanta jarinsa ba zai karye ba.

Guangzhou, wanda Turawa suka sani da suna Canton, tsohon gari ne a tarihin hoto. A shekara ta 1844 wani jami'in kwastan na Faransa, Jules Itier, ya ɗauki hotunan birnin a kan faranti na ƙarfe, kuma suna cikin hotunan ƙasar Sin mafi daɗewa da ke nan har yau. John Thomson, mutumin Scotland da ya zagaya ƙasar tsakanin 1868 da 1872, da akwatin katako yake aiki, da faranti na gilashi, da kwalaben sinadarai, da tanti mai duhu, domin dole a wanke kowane hoto kafin farantin ya bushe. Sai da 'yan dako yake tafiya. Abin da su Wu suke saɓawa a kafaɗa ya maye gurbin duk waɗannan.

A yau mai neman kayan hoto a Guangzhou yakan nufi unguwar Dashatou da ke gefen kogin Zhujiang, inda ake da shaguna masu yawa na sababbin kyamarori da na hannu. Jikin kyamara dai har yanzu kamfanonin Japan, wato Canon da Nikon da Sony, su ne ke kan gaba. To amma akasarin abubuwan da ke kewaye da ita a lardin Guangdong ake ƙera su. Fitilun Godox da Yongnuo daga Shenzhen suke, haka ma jiragen ɗaukar hoto marasa matuƙi na DJI. Ƙafafun kyamara na Benro da Sirui kuwa a Zhongshan ake yin su. Arahar waɗannan kaya ce ta sa mai ɗaukar hoton biki a Kano ko Maraɗi yake iya mallakar fitilar da a da sai babban ɗakin hoto.

Ƙwararru kan ba da fifiko ga gilashin kyamara da fitila fiye da jikinta, domin jiki yana tsufa cikin 'yan shekaru, gilashi mai kyau kuwa yana daɗewa. Ga mai ɗaukar baƙar fata batun haske ya fi kome muhimmanci. Idan mutum ya sa farar shadda a tsakar rana, kyamara takan rage haske saboda farin rigar, fuska ta yi duhu. Ƙaramar fitila, ko faifan da ke maido da haske kan fuska, shi ke gyara wannan. Kamfanin Transsion na Shenzhen, mai yin wayoyin Tecno da Itel, ya lura da matsalar, ya daidaita kyamarorin wayoyinsa da launin fatar 'yan Afirka, abin da ya taimaka masa ya mamaye kasuwar nahiyar.

Yanayi ma yana da ta cewa. A Guangzhou laima ce abokiyar gaba, musamman a watannin Maris da Afrilu, lokacin da bango kan yi gumi, gilashin kyamara ya yi fumfuna, shi ya sa masu sana'ar ke ajiye kayansu a akwati mai busar da iska. A ƙasar Hausa kuwa ƙurar hunturu ce, da zafi, da ɗaukewar wutar lantarki. Wanda ya je sayayya daga Kano ya fi bukatar ƙarin batir da jaka mai rufi sosai.

Wayar salula ta ci kasuwar ƙananan kyamarori irin na gadar Xiaobei. Alƙaluman ƙungiyar masu ƙera kyamarori ta Japan sun nuna cewa an fitar da sama da miliyan 120 a 2010, amma a 2023 ba su kai miliyan 8 ba. A 2022 Canon ya rufe masana'antarsa ta ƙananan kyamarori a Zhuhai. Unguwar ma ta sauya. Hukumomi sun ce 'yan Afirka kimanin 16,000 ke zaune a birnin a 2014, shekarar da aka tsananta bincike a Xiaobei, amma a watan Afrilu na 2020, lokacin annobar korona, adadin ya gaza 5,000.

Hotunan gadar kuwa ba su ɓace ba. Wani mai ɗaukar hoto Ba'amurke, Daniel Traub, wanda ya haɗu da Wu a 2009, ya tattara dubban hotunan mutanen biyu, ya fitar da zaɓaɓɓu a littafin Little North Road, wato fassarar sunan titin Xiaobei, a 2015. A cikinsa akwai 'yan kasuwa maza da mata, da yara, kowa cikin shigar da ya zaɓa da tsayuwar da yake so a gan shi a gida. Da waɗannan ƙananan kyamarori masu araha aka adana fuskokin wani zamani na cinikayya tsakanin Afirka da ƙasar Sin.