Tsohon man suya a injin dizal: abin da ƙungiya za ta sani kafin ta gwada

Tun da litar man dizal, wanda muka fi kira gas, ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2023, masu injin niƙa da na casar shinkafa ke ta tambaya: shin gaskiya ne man da aka gama suya da shi yana tayar da inji? Gaskiya ne, amma ba a zuba shi haka nan. Sai an sarrafa shi ya zama abin da ake kira bayodizal.

Abin ba sabo ba ne. Tun a baje kolin birnin Paris na 1900 aka nuna injin dizal yana aiki da man gyaɗa. Matsalar ita ce kauri: man girki ya ninka dizal kauri wajen sau goma. Idan aka zuba shi ɗanye, nozul ba ya fesa shi da kyau, ba ya ƙonewa duka, sai dauɗa ta taru a kan fistan da ringi, saura kuma ya gangara ya ɓata baƙin mai. Injin zai tashi yau, amma bayan 'yan watanni bakanike ne zai cinye ribar.

Yadda ake sarrafa shi

1. A tace man da ƙyalle mai laushi, a cire ɓurɓushin ƙosai da kifi.
2. A ɗora shi a wuta ya ɗan wuce digiri 100 har ya daina tartsatsi, alamar ruwan ciki ya fita. Ruwa yana mai da haɗin sabulu.
3. A narkar da sodar sabulu a cikin sinadarin metanol. Kowace litar mai tana buƙatar metanol mililita 200. Sabon mai yana cin soda giram 3.5 a lita, amma tsohon mai ya fi haka, gwargwadon yadda ya sha wuta. Wannan ba aikin kintace ba ne, sai mai ilimin kimiyya ya gwada man tukuna.
4. A kashe wuta, man ya huce zuwa digiri 55, a zuba haɗin, a juya na awa ɗaya cikin rufaffen mazubi. Metanol yana tafasa a digiri 65, don haka kada zafi ya kai nan.
5. A bar shi ya kwana. Gilisarin mai duhu zai kwanta ƙasa, bayodizal ya taso sama.
6. A tsiyaye na saman, a wanke da ruwan ɗumi a hankali har ruwan ya riƙa fita garau, sannan a busar.

Gwaji mai sauƙi: zuba rabin kwalba mai, rabi ruwa, ka girgiza. Mai kyau zai rabu cikin rabin awa. Idan ya tsaya kamar madara, kada ya shiga tanki.

Hattara da rai

Metanol guba ne, yana makantarwa kuma yana kisa, ko ta sha ko ta shaƙa. Wutarsa da kyar ake ganinta da rana. Soda tana cin fata, tana kuma cin tukunyar alminiyam. A yi aikin a fili, da safar hannu da gilashin kare ido, nesa da murhu da yara. Gilisarin ɗin ma akwai sauran guba a ciki, kada a ba dabbobi, kada a zubar kusa da rijiya.

Yadda za a ba inji

A fara da gauraye. Lita 4 na bayodizal da lita 16 na dizal a jarka ɗaya, shi ne ake kira B20. Bayodizal yana wanke tsohuwar dauɗar tanki, saboda haka filta za ta toshe da wuri a makonnin farko, a tanadi wata. Yana kuma cin tiyon roba na tsofaffin injuna, a riƙa dubawa. Wanda aka yi da man ja yakan daskare da sanyin hunturu, sai a rage yawansa. Kada a ajiye ya wuce wata shida. Mai sabuwar tarakta ya duba littafin kamfani tukuna. Sannan yawancin ƙananan injunan ban ruwa na fadama da fetur suke aiki, bayodizal ba nasu ba ne sam.

A fara da lissafi

Nan ne gizo ke saƙar. A garuruwanmu mai ƙosai ko mai awara ba ta zubar da mai, ƙari take yi a kai har ya ƙare. Inda ake samun mai yawa sai otal-otal, manyan gidajen abinci da masu suyar kifi. Don haka kafin ƙungiya ta sayi ganga ko ɗaya, ta yi wata guda tana rubuta lita nawa take iya tarawa a mako da kuɗin ɗauko shi. A haɗa da kuɗin metanol, a kwatanta da farashin dizal na ranar. Idan man bai taka kara ya karya ba, ko babu mai gwada shi a kusa, gara a haƙura, a sa kuɗin wajen gyaran nozul da canza filta a kan lokaci. Wannan ma yana rage shan mai.