Bayan Iska Ta Lafa: Haƙƙoƙin Da Ke Kanmu A Ranakun Duhu Da Gyaran Rufi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Duk wanda ya daɗe a ƙasar Kankiya da Kusada ya san irin sallamar da damina take yi. Tsakanin watan Mayu da Yuni, bayan zafin bazara ya kai maƙura, hadari yakan haɗo daga gabas da la'asar sakaliya ko bayan almuru. Kafin ɗigon ruwa ya sauka, jar ƙura ta riga ta turnuƙe gari, iska mai ƙarfi ta biyo bayanta. Idan gari ya waye sai a ga kwanon rufi a kan bishiya, katanga a ƙasa, turakun lantarki kwance a bakin hanya. Daga Rimaye zuwa Kafinsoli, daga Yashe zuwa Mawashi, labarin ba ya bambanta sosai. Maƙwabtanmu ma sun ɗanɗana: a ranar 16 ga Yuni, 2018, kashegarin ƙaramar Sallah, iska ta afka wa garin Bauchi, ta yi sanadin rasa rayuka, ta rushe gidaje masu ɗimbin yawa.

Iska halitta ce da ke bin umarnin Ubangijinta, kuma ba za a tsayar da ita a yi mata hisabi ba. Mu ne za a tambaya game da abin da hannayenmu suka aikata bayan ta wuce. Wani kaso na asarar da ake ɗora wa iska, idan aka duba da kyau, a kwanakin da suka biyo baya yake faruwa, ta hanyar sakaci da kwaɗayi da jahiltar hukunci.

Yadda ɓarnar take aukuwa

Idan hadari ya yi nauyi, iska mai sanyi takan faɗo daga cikinsa da ƙarfi, ta daki ƙasa, ta bazu a gabansa tana kwasar ƙura. Sa'ad da ta ratsa ta saman rufin kwano, takan ja shi sama. Idan kuma ta sami ƙofa ko taga a buɗe ta shiga ɗaki, sai ta tura shi daga ciki. Rufin da ba a ɗaure katakonsa da jikin gini ba yakan tashi gaba ɗaya kamar faifai.

A ɓangaren wuta kuwa, tun watan Nuwamba na 2013 kamfanin KEDCO ne ke rarraba lantarki a jihohin Kano da Katsina da Jigawa. A Kankiya akwai tashar rage ƙarfin wuta ta kamfanin TCN, a kan babban layin da ya taso daga Kano ya nufi Katsina. Ƙananan layukan da ke kai wuta garuruwa suna ratsa gonaki da daji mai nisa, saboda haka turke guda idan ya karye, duk garuruwan da ke bayansa sun shiga duhu. Mun ga abin da dogon duhu ke haifarwa a watan Oktoba na 2024, lokacin da matsalar manyan layuka ta bar yawancin jihohin Arewa fiye da mako guda babu wuta: injin niƙa ya tsaya, ruwan burtsatse ya yi tsada, masu walda da masu ƙanƙara suka zauna hannu rabbana.

Ladabin musulmi yayin da take kaɗawa

Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta ba da labarin cewa idan Manzon Allah (SAW) ya ga hadari ko iska, ana ganin damuwa a fuskarsa, domin tuna abin da ya sami Adawa. Ya hana zagin iska, ya koyar da a roƙi Allah alherinta, a nemi tsarinsa daga sharrinta. Wannan tsoro kowa kansa ya kamata ya duba da shi. Ba ya halatta mu tsaya a ƙofar wanda rufinsa ya yaye mu yanke cewa zunubinsa ne ya jawo masa. Iska takan kwashe rufin masallaci ta bar na gidan da ke kusa, kuma Allah kaɗai Ya san wanda ake kankare wa zunubi da wanda ake yi wa talala.

Shari'a ta kuma yi sauƙi. An ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa a daren sanyi da iska ya sa an sanar da mutane su yi salla a gidajensu, ya kuma danganta asalin hakan ga Annabi (SAW). Malaman Malikiyya sun lissafa iska mai tsanani da dare cikin uzurorin barin jam'i. A Risala ta Ibn Abi Zaid an yi rangwamen haɗa magariba da isha'i a masallaci a daren ruwan sama, haka kuma idan taɓo ya haɗu da duhu. Dattijon da ya zauna gida a daren da kwano ke yawo a sararin sama bai yi laifi ba.

Rai ya gabaci dukiya

Wayar lantarki da ta faɗo ƙasa a ɗauke ta a matsayin mai wuta, ko da garin yana cikin duhu, domin ana iya maido da wutar ba tare da sanarwa ba. Jiƙaƙƙiyar ƙasa da kwano da reshen bishiyar da waya ta hau duk suna iya ɗaukar wuta. A yi nesa da ita da kamar mita 10, a tsayar da babban mutum ya hana yara da dabbobi kusantar wurin, a sanar da mai unguwa da ma'aikatan kamfani. Kawar da cuta daga hanya reshe ne na imani, amma a nan kawar da ita yana nufin tsare wurin har masu aikin su iso.

Mai janareta kuma ya ji tsoron Allah a wurare biyu. Na farko, hayaƙinsa yana ɗauke da guba marar launi marar wari, wadda ke kashe mai barci ba tare da ya farka ba. Kada a tayar da shi a ɗaki ko a zaure ko a ƙarƙashin taga. Masana kiwon lafiya suna ba da shawarar a nisanta shi da kamar mita 6 daga ƙofofi da tagogi. Na biyu, wanda ya jona janareta ba tare da ya raba wayar gidansa da ta kamfani ba, wutarsa tana komawa kan layi, taransfoma ta ƙara mata ƙarfi, ta iya hallaka ma'aikacin da ke saman turke yana gyara. Kisan kuskure ma yana da diyya da kaffara.

Game da kyandir da fitilar kananzir, Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musal Ash'ari cewa wani gida ya ƙone da mutanensa a Madina da dare, sai Annabi (SAW) ya yi umarni a riƙa kashe wuta idan za a kwanta. Ɗalibin da ke bitar karatu da kyandir a kusa da katifa da gidan sauro ya fi kowa buƙatar wannan tunatarwa. Fitilar sola ko tocila ta fi aminci.

Haka abinci. Firjin da ba a buɗewa yakan riƙe sanyi na kimanin sa'o'i 4, injin daskarewa da ke cike kuwa har zuwa kwana 2, kuma zafin ƙasarmu yana rage wannan lokaci. Nama tun yana da kyau a soya shi ko a yi sadaka da shi. Wanda ya lalace, sayar da shi ha'inci ne, ba da shi sadaka kuma cutarwa ce.

Kwanon maƙwabci, katanga da gidan haya

Kwanon da iska ta jefo cikin gidanmu ko gonarmu bai zama namu ba. Idan an san mai shi, mayar masa wajibi ne nan take. Idan ba a san shi ba, hukuncin tsintuwa ya hau kansa: a adana, a yi cigiya, kuma asalin wa'adin cigiyar abu mai daraja shekara guda ne. Masu sayen tsofaffin ƙarafa su kula da abin da yara ke kawo musu a irin waɗannan kwanaki. Wayar kamfani da kayan taransfoma dukiyar da jama'a ke amfana da ita ce. Mai yanke ta da mai saye da saninsa sun yi tarayya a zunubin kowane gida da ya ƙara kwana cikin duhu, ban da hukuncin da Dokar Lantarki ta 2023 ta tanada.

Idan iska ta ɗauki rufin wani ta jefa kan akuyar maƙwabci, alhali bai yi sakaci ba, babu ramuwa a kansa, domin annoba ce daga sama. Amma akwai wurin da sakaci ke jawo biya. A Mukhtasar na Shaihu Khalil an bayyana cewa mai katangar da ta karkata, aka gargaɗe shi, ya sami damar gyarawa bai gyara ba, shi zai ɗauki nauyin abin da ta lalata idan ta faɗi. Wanda ya ga bangon maƙwabcinsa ya tsage bayan iska, ya faɗa masa a gaban shaidu cikin ladabi. Wanda aka faɗa wa kuma kada ya ɗauki abin a matsayin neman faɗa.

Ɗan haya amintacce ne, ba a ɗora masa gyaran rufin da iska ta yaye ba da gangancinsa ba. Kuɗin haya ana biyansu ne a madadin amfani da gida. Idan ɗaki ya zama ba ya zaunuwa kuma mai gida bai gyara ba, ɗan haya yana da zaɓin tashi. Idan suka yi sulhu ya gyara a cire daga kuɗin haya, su rubuta, su sa shaidu.

Kasuwa da karo-karo

Da zarar iska ta yi ɓarna, buƙatar bandir ɗin kwano da katako da ƙusa takan tashi. Riba halal ce. Amma ɓoye kaya a sito domin a jira farashi ya haura, alhali mata da yara suna kwana a fili, shi ne ɓoyon da hadisin Muslim ya kira mai yinsa mai saɓo. Kafinta da mai cajin waya da mai sayar da ruwa su ma su tuna cewa wanda ke gabansu matsuwa ce ta kawo shi.

Sau da yawa unguwa takan yi karo-karo domin sayen turke ko gyaran taransfoma. Ya kamata a sani cewa hukumar NERC mai sa ido kan harkar lantarki ta sha bayyana cewa wannan aiki nauyin kamfanin rarraba wuta ne. Matakin farko shi ne a kai ƙorafi a rubuce, a riƙe kwafi. Idan jama'a suka zaɓi su taimaka don a gaggauta, a yi yarjejeniya da kamfanin a rubuce, kada a tilasta wa marar hali, kuma a karanta lissafin abin da aka tara da abin da aka kashe a bainar jama'a. Kuɗin karo-karo amana ne.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

A hadisin Ƙabisa ɗan Mukhariƙ da Muslim ya ruwaito, an ambaci mutum uku da roƙo ya halatta gare su, daga ciki har da wanda annoba ta cinye dukiyarsa, har ya sami abin da zai tsayu da shi. Magidancin da rufinsa ya tafi kada kunya ta hana shi magana. Mu kuma kada mu jira sai ya yi. Annabi (SAW) ya yabi ƙabilar Ash'ariyawa saboda idan abinci ya ƙaranta, sukan tara abin da ke hannunsu wuri guda su raba daidai. A shekara ta 18 bayan Hijira, wadda ake kira shekarar toka saboda fari da ƙurar da iska ke kwasowa, Halifa Umar ɗan Khaɗɗabi ya haramta wa kansa man shanu, ya rubuta wa gwamnoninsa neman agaji, ayarin abinci ya zo Madina daga Sham.

Kowane masallacin unguwa zai iya yin nasa daidai gwargwado. Kashegarin iska, liman da mai unguwa da matasa su zaga su rubuta gidajen da abin ya shafa, a fara da na marayu da zawarawa da tsofaffi. Wanda yake da sola ya buɗe ƙofarsa ga masu caji da masu maganin da ke buƙatar sanyi. Mai burtsatse ya bar maƙwabta su ɗiba. Idan jami'an hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha, SEMA, ko ta ƙasa, NEMA, suka zo ƙididdiga, kada a saka sunan wanda bai yi asara ba. Wannan shaidar zur ce, kuma abin da aka karɓa da ita haƙƙin wani ne da ke kwana ruwa na dukansa.

Kafin ta sake dawowa

Tawakkali yana tafiya ne tare da riƙo da sababi. Masu sabon rufi su sa kafinta ya ɗaure katako da rodi ko waya a jikin gini, su ƙara ƙusa a gefuna, su ɗora rawani a kan bango inda hali ya samu. A sassare rassan bedi da suka hau kan waya ko rufi tun rani, a kira ma'aikatan wuta idan reshen yana taɓa layi. A kuma dasa wasu a bayan gari ta fuskar gabas, domin bishiya garkuwa ce. Katsina tana cikin jihohi 11 da shirin Babbar Koriyar Ganuwa ta Afirka ya shafa saboda kwararowar hamada. A saurari hasashen hukumar NiMet a rediyo, a rufe ƙofofi da tagogi da zarar gabas ta yi ja, a shigar da yara ɗaki.

Allah Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafificin alheri, Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba mu damina mai albarka, Ya kuma tsare mu daga cin haƙƙin junanmu. Allah ne Mafi sani.