"Na Tura, Ga Sikirinshot": Hattara Da Hoton Fuskar Waya

Tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023, lokacin da har mai shayi ya manna lambar asusunsa a jikin tebur, ciniki ya koma cikin waya. Daga mai shago a Kantin Kwari zuwa mai POS a bakin titi da matar da ke sayar da atamfa ta WhatsApp daga ɗakinta, kowa ya saba da jin magana ɗaya: "Na tura, ga sikirinshot ɗin." Hoton fuskar waya ya zama rasit ɗin kowa, alhali ba don haka aka yi shi ba.

Ɗaukarsa ba wuya. A yawancin wayoyin Android, ka danna maɓallin kunna waya da na rage sauti a tare, fuskar ta yi wal, hoto ya shiga ma'ajiya. A Tecno da Infinix da Redmi ana iya jan yatsu uku daga sama zuwa ƙasa. A sababbin iPhone kuwa maɓallin gefe ne da na ƙara sauti. Yaro ɗan firamare ma ya iya.

Abin da ba kowa ke tsayawa ya tuna ba shi ne, hoto ne kawai, kuma duk abin da yake hoto ana iya gyara shi. Da ƙaramar manhajar gyaran hoto ana mayar da dubu biyar dubu hamsin, a sauya suna, a sauya kwanan wata. Wasu ma ba sa gyara komai, ƙirƙirar rasit ɗin suke yi daga tushe, da tambarin banki da launinsa. Wani kuma rasit ɗin gaskiya ne, amma na cinikin makon jiya. Ko ba da ha'inci ba, kuɗi kan fita daga asusun mai turawa, su maƙale a hanya, daga baya su koma masa, kai kuwa kaya sun riga sun tafi.

Masu damfara da rasit ɗin ƙarya sun san lokacin zuwa. Sai yamma ta yi, shago ya cika, ana haramar rufewa, mutum ya zo da shiga ta kamala, ya ɗebi kaya ba tayi, ya ɗaga maka waya daga nesa. Ka ce ba ka ga alat ba, ya ce, "Haba Alhaji, sabis ne, yanzu zai shigo, ga mai adaidaita yana jira na." Kunya suke nema ta yi musu aiki. Amsar da ta dace ba ta da zafi: "Yi haƙuri Malam, zauna ka sha ruwa, bari su shigo." Sannan ka buɗe manhajar bankinka ko ka danna lambar duba asusu, ka ga kuɗin da idonka. Saƙon tes ma kada ka dogara da shi shi kaɗai, domin ana iya turo shi da suna mai kama da na banki. Idan mai sayen na gaskiya ne kuma kuɗin sun maƙale, doguwar lambar ciniki da ke jikin rasit ɗin ita ce bankinsa zai bi diddigi da ita, shi ne kuma zai kai ƙorafin.

Haka batun yake ga hoton hira. Sunan da ke saman hirar WhatsApp, mai wayar ne ya rubuta shi da hannunsa. Mai layi biyu zai iya adana ɗaya da sunan wanda ya ga dama, ya sa masa hoton mutumin da ya kwafo daga Facebook, ya yi hira da kansa, ya ɗauka ya watsa. Ko hirar gaskiya ce, a yanke samanta da ƙasanta sai ma'ana ta juye. Da irin wannan ake raba aure da abota, ake shafa wa mutum baƙin fenti a unguwa, masu turawa gaba kuma ba wanda ya nemi ganin wayar da aka ɗauka a ciki.

Sai kuma wanda kai ka ɗauka. Sikirinshot yana kwasar duk abin da ke fuskar wayar: ragowar kuɗin asusunka, lambar wayar wani, saƙon da ya faɗo a sama daidai lokacin. Mutane da yawa sun mayar da ma'ajiyar hotuna littafin ajiya, a ciki za ka tarar da BVN da NIN da katin ATM gaba da baya, har da lambar sirri. Wannan ma'ajiyar kuwa ba ta da wani tsaro na kirki. Mai gyara yana iya buɗe ta, mai tura finafinai yana iya buɗe ta, haka duk manhajar da ka danna wa "na yarda" ba tare da ka karanta ba. A 2023 Google ya haramta wa manhajojin ba da bashi shiga hotuna da lambobin mutane, bayan yadda wasunsu suka riƙa tozarta masu bashi. A farkon 2025 kamfanin tsaro na Kaspersky ya bankaɗo wata muguwar manhaja da ya kira SparkCat, wadda ke karanta rubutun cikin hotunan waya tana neman kalmomin sirrin asusun kirifto. Shi ya sa idan manhajar banki ta hana ka ɗaukar hoto, ko ta ba ka baƙin allo, ba lalacewa wayarka ta yi ba, da gangan aka toshe.

In dole sai ka tura, yanke abin da ba a buƙata gaba ɗaya. Shafa masa launi ba ya wadatarwa, domin wani alƙalamin shara-shara ne, a ƙara haske rubutun ya bayyana. Bayan ka goge kuma ka leƙa kwandon shara na ma'ajiyar. A iPhone hoto kan zauna can kwana 30.

WhatsApp ba ya sanar da kai idan an ɗauki hoton hirarku. Ya toshe ɗaukar hoton da aka turo na gani-sau-ɗaya, amma ba abin da zai hana a ɗauke shi da wata wayar. 'Yan mata musamman su riƙe wannan. Mai watsawa kuma ya sani, bayan cin amana, dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi hukunci kan tura hotunan batsa da saƙon ƙarya da ka iya tayar da fitina.

Inda sikirinshot yake da rana shi ne idan ana yi maka barazana ko an damfare ka. Ɗauki hoton nan take kafin mai shi ya goge saƙon, ka tabbatar lambarsa da rana da lokaci sun fito. Kada ka share ainihin hirar, kada ka sayar da wayar, domin a ƙarƙashin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011, kotu na buƙatar bayani kan na'urar da hoton ya fito daga cikinta kafin ta karɓe shi.