Dillalan Sassauta Bashi: Darasi Daga Amurka



Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. To, abin da zan yi magana a kai yau shi ne wata sana'a da ta tsiro a gindin bashi, wato ta kamfanonin da ke tallar cewa za su shiga tsakanin mai bin bashi da wanda ake bi, su sa a yafe masa wani kaso. A Amurka ne wannan sana'a ta bunƙasa ƙwarai, domin jama'ar can sun saba sayayya da katin bashi na banki, saboda haka can za mu duba.

Ga yadda abin yake gudana. Kamfani zai ce wa mutum ya daina biyan banki, ya riƙa zuba kuɗi wata-wata a wani asusu dabam. Idan kuɗin sun taru, sai kamfanin ya yi wa banki tayin ya karɓi abin da ya samu, ya yafe saura. Ladan kamfani yawanci kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari ne na bashin, aikin kuwa yakan ci shekara 2 zuwa 4.

Mu ɗauki misali. Ana bin mutum dala 10,000, aka daidaita a kan 5,000, ladan kamfani kashi 20, wato 2,000. Talla za ta ce an rage masa rabi, alhali kuwa 7,000 ya biya. Ba a nan ta tsaya ba. Duk lokacin da ya daina biya, kuɗin ruwa da tarar jinkiri suna ta hauhawa, sunansa yana ɓaci a wurin masu ba da rance. Babu dokar da ta tilasta wa banki karɓar tayin, yana ma iya kai shi ƙara kotu. Bugu da ƙari, hukumar haraji tana iya lissafa abin da aka yafe masa cikin kuɗin da ya samu a shekara, ta ɗora masa haraji.

A 2010 ofishin bincike na majalisar dokokin Amurka, wanda ake kira GAO, ya sa jami'ansa suka buga wa kamfanoni 20 waya a matsayin mutanen da bashi ya yi wa katutu. Guda 17 daga cikinsu suna karɓar lada tun kafin su daidaita ko da bashi ɗaya. Waɗansu suka yi da'awar cewa suna cin nasara kashi 85 zuwa 100 cikin ɗari, alhali hukumomi sun gano cewa waɗanda ke kaiwa ƙarshen shirin ba su kai kashi 10 ba. Waɗansu kuma suka nuna kamar aikinsu shirin gwamnati ne.

A shekarar nan dai hukumar kula da ciniki ta tarayya, FTC, ta kafa ƙa'ida wadda ta fara aiki ran 27 ga Oktoba. Kamfanin da ke tallar wannan aiki ta waya ba zai karɓi ko kwabo ba sai ya daidaita aƙalla bashi ɗaya, an rubuta yarjejeniya, mutumin kuma ya biya kashin farko. Kuɗin da ke asusun nan nasa ne, yana da ikon janyewa duk sa'ad da ya so.

Wannan darasi ya shafe mu, domin ma'aikacin da rancen banki ko na wayar hannu ya cinye wa albashi shi ne ya fi saurin jin daɗin bakin dillali. Ku auna duk mai irin wannan talla da abu uku. Wanda ya nemi lada kafin aiki, cinikin biri a sama yake so ku yi. Wanda ya yi alkawarin lalle za a yafe, ya yi alkawari da abin da ba a hannunsa yake ba. Wanda kuwa ya hana ku magana da mai binku, ya raba ku da mutum ɗaya tak da ke da ikon sassauta muku. Ku fara zuwa wurinsa da kanku, ku nemi ƙarin lokaci ko ragi, kuma duk abin da aka shirya a rubuta shi.