Bangon Mai Gida, Adon Ɗan Haya

Shirinmu na yau na 'yan haya ne, mu da muke kwana a ɗakin da ba mu muka gina ba. Kun dai san ranar tashi: mai gida ya shigo yana bin bango da kallo, yana ƙirga ramukan ƙusa, sai ka ji ya ce, "Malam, wannan fa sai ka sake mini fenti." Tsoron wannan rana ne ya sa da yawanmu suke zama shekara da shekaru da bango fayau, in ban da kalandar banki. A ofis ma haka abin yake. To, akwai adon da ake ɗaurawa a cire ba tare da an bar tabo ba.

Bari in kai ku Japan tukuna, don labarin nan ya burge ni. A garin Kurashiki akwai wani kamfani mai suna Kamoi, wanda aka kafa a 1923. Kun san abin da ya fara yi? Takardar kama ƙuda! Wannan mai danƙo da ake ratayewa ƙuda ya sauka ya maƙale. Daga baya ya koma yin tef na takarda, irin wanda masu fentin mota da magina suke liƙawa a wurin da ba sa so fenti ya taɓa, in sun gama su ɓare. A 2006 wasu mata uku suka aika wa kamfanin saƙo suna neman a bar su su zo su ga masana'antar. Su ba masu fenti ba ne. Launin tef ɗin ne kawai ya kama ransu, suna ƙawata littattafai da shi. Ku duba fa, mutanen da suka saba ciniki da leburori, sai ga mata suna yaba kyan kayansu. Aka bar su suka zo, suka ce don Allah a ƙara launuka. A 2008 aka fitar da shi kasuwa da sunan mt, yanzu duniya ta san shi da tef ɗin washi. Sirrinsa danƙo mai laushi: yana kamawa, yana kuma saki. Da shi za ka zana Dagin Arewa a saman gado, ko ka kwaikwayi zanen tsofaffin gidajen Zariya, ko ka yi wa hoton yaranka iyaka ba tare da firam ba. In ba ka samu ba, tef ɗin masu fenti ma yana yi.

Amma ni dabarar da na fi so, uwargida, tana cikin gidanki. Sitaci, wanda kike sa wa shaddar maigida. Ki samo atamfa marar nauyi daga Kantin Kwari, ko zanen da aka rina a Ƙofar Mata, ki wanke shi tukuna don ya gama zuba kuma ya gama tsukewa. Ki goge ƙurar bango, ki dama sitacin da ɗan ruwa-ruwa, ki shafa da soso. Sai ki kafa zanen daga sama, wani ya riƙe miki, kina lallashinsa da tafin hannu zuwa ƙasa har iskar da ke ciki ta fita. Ki sake bin samansa da sitaci. In ya bushe, ki yanke rarar da reza. Ranar tashi kuwa, ki jiƙa shi da ruwan ɗumi, ya saki, ki wanke abinki. Na ce ki wanke shi tukuna, kar ki manta, domin zanen da ya zuba a bangon mutane ya fi ramin ƙusa jawo rigima. Sannan kyankyaso yana son sitaci, kuma ɗakin da yake tsatsafo da damina ba wurin wannan aiki ba ne.

Akwai kuma 'yan maƙalai masu manne, irin Command na kamfanin 3M. Wajen cirewa ƙasa ake jan harshensu a hankali, ba a fizgowa waje. Suna ɗaukar faifai, ko ƙaramar tabarma, ko agogo. Jeren faifai biyar masu launi a bangon ofis, kakanninmu ma sun san kyansa. Sai dai zafin watan Afrilu yana narkar da danƙo, don haka kar a rataya madubi a kan gadon yaro.

Soson bangon nan mai manne da ya cika kasuwa kuwa, mai kama da bulo, masu sayarwa suna rantsuwa ba ya ɓata bango. Hmm. A kan fentin ruwa ko farar ƙasa, da fentin yake tahowa. Kowane irin manne ne, a gwada shi a bayan kujera, a bar shi kwana biyu, a ɓare a gani.

Injiniyan shirin yana ɗaga mini hannu, lokaci ya ƙwace mana. Maganar labule a kan igiya sai wani makon, in Allah ya kai mu. A huta lafiya.