Shin Ko Kun San? Ɗan Mitsitsin Da Ke Tona Asirin Hanta

Shin ko kun san cewa lambar yabon Nobel ta fannin likitanci ta 2024 daga jikin wata tsutsa ta faro, tsutsar da tsawonta bai wuce milimita ɗaya ba? Amurkawa biyu, Victor Ambros da Gary Ruvkun, su suka karɓi lambar. A 1993 bincikensu ya bankaɗo wani guntun RNA mai haruffa kusan 22 kacal, wanda ba ya ƙera furotin ko ɗaya. Aikinsa shi ne ya maƙale wa saƙon da ƙwayar halitta ta aika don a ƙera furotin, ya hana a yi aiki da shi. Shi ake kira maikro-RNA. Shekara bakwai ana ganin abin na tsutsa ne kawai, sai a 2000 aka gano wani mai suna let-7 wanda har a jikin mutum akwai shi. Yanzu an san muna ɗauke da irinsu fiye da 1,000.

A cikinsu akwai guda da ya mallake hanta, sunansa miR-122. Fiye da rabin maikro-RNA ɗin da ke hantar mutum shi ne.

Ko kun san ƙwayar cutar hanta nau'in C ba ta iya yaɗuwa yadda take so sai da shi? Catherine Jopling da Peter Sarnow na Jami'ar Stanford ne suka nuna haka a 2005, kuma abin ya ba masana mamaki ƙwarai. Wanda aka sani da toshe saƙo, sai ga shi ya maƙale wa cutar yana ba ta kariya, tana hayayyafa. Da ɗan gari akan ci gari. Nan take tunani ya zo: idan aka ɗaure miR-122, ai cutar ta rasa mai masauki.

Wani kamfanin ƙasar Denmak, Santaris, ya haɗa allura mai suna miravirsen don wannan aiki. An gwada ta a wani bincike na marasa lafiya 36, allura biyar a cikin wata guda, aka buga sakamakon a 2013. Yawan cutar a jini ya faɗi, kuma gwargwadon yawan maganin gwargwadon faɗuwar. Sai dai a ƙarshen shekarar ta 2013 aka amince da sofosbuvir, ƙwayar haɗiya, wadda ita da 'yan'uwanta ke warkar da sama da kashi 90 cikin 100 a kimanin mako 12. Wa zai zaɓi allura bayan wannan? Wani magani makamancin miravirsen, RG-101, hukumar magunguna ta Amurka ta dakatar da gwajinsa a 2016 saboda shawara da ta kama wasu daga cikin waɗanda aka yi wa. Ga kuma wani gargaɗi tun 2012: ɓerayen da aka cire wa miR-122 gaba ɗaya sun kamu da sankarar hanta. Ashe ba banza yake zaune a wurin ba. Har lokacin da aka ba da waccan lambar yabo ta Nobel, babu maganin da aka amince da shi wanda ke kai wa maikro-RNA hari kai tsaye.

A ganina inda miR-122 ya fi alfanu shi ne wajen ba da shaida. Shin ko kun san maikro-RNA ba ya saurin lalacewa a cikin jini? An tabbatar da haka a 2008. Tunda kuwa gidan miR-122 hanta ne, da zarar ƙwayoyinta sun fara fashewa sai ya kwarara cikin jini, a gan shi.

Ku duba batun farasitamol, maganin da kusan babu gidan da babu shi, wanda da yawanmu ke haɗiya ba lissafi. Wanda ya sha fiye da ƙima yana iya zuwa asibiti garau, gwajin hanta na yau da kullum, wato ALT, ya nuna ba komai, alhali ɓarna ta riga ta soma. Maganin da ke karya dafin kuwa ya fi aiki a cikin awa 8 na farko. A 2013 masu bincike a Birtaniya suka nuna cewa miR-122 yana hauhawa tun zuwan majinyaci na farko, kafin ALT ya motsa, har ya nuna wa likita wanda hantarsa za ta taɓu.

Cikas ɗin shi ne awon. Yana buƙatar na'urar ɗakin gwaji da ƙwararren ma'aikaci, ya kuma ci sa'o'i, a yanayin da kowace awa ke da tsada. Abin da masu bincike ke fafutukar samarwa yanzu shi ne gwaji mai sauri, mai arha, wanda ma'aikaciyar jinya za ta yi a gefen gadon mara lafiya.